Taliyar da ba ta ga wuta ba: nazarin faranti goma na askirim

Minti huɗu ta yi a kan teburi kafin asirinta ya tonu. Lokacin da na ajiye farantin, taliya ce sak: sili a murɗe kan sili, jar miya a bisa, ga ɗan farin gari an barbaɗa kamar gogaggen cuku. Na juya in ɗauko cokali mai yatsu, aka ja ni da wata magana, ko da na waiwayo silin sun fara mannewa da juna, wani farin ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin miyar yana mai da ita ruwan hoda. Yayata ta leƙa farantin, ta dube ni, ta ce, "To ita wannan kuma mene ne sunanta?" Ban tanka ba. Saura kwana 6 in jera irin wannan farantin guda 10 a gaban baƙinta.

Ni na jawo wa kaina. Yaya ta shirya cin abincin dare, manya 6 da yara 4, ta ce in kula mata da abin zaƙin da za a rufe da shi. Maimakon in yanka kek in huta, sai na ce zan yi askirim da zai fito da kamannin taliya da miyar tumatir da dunƙulen nama, yadda ba mai ganewa sai ya kai baki. Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: firizar gida mai aljihu uku, mamatsin dankali irin mai hannu biyu da ake zuba dafaffen dankali a matse ya fito ta ƙananan ramuka, magogi, rariya, da ɗan ma'aunin zafi na kicin. Injin yin askirim babu, na kanti zan saya. Ga yadda aikin ya gudana, daga gwajin da ya watse har daren liyafar, har da kuskuren da ya fi sauran girma, wanda ba ruwansa da sanyi ko kaɗan.

Inda dabarar ta fito

Ba ƙirƙirata ba ce. A Jamus sunanta Spaghettieis, kuma da wuya ka shiga shagon askirim a ƙasar ka rasa ta. Ana danganta ta ga Dario Fontanella, ɗan wani Ba'italiye mai shagon askirim a birnin Mannheim, wanda ya haɗa ta a 1969 yana ɗan shekara 17. Ya sha ba da labarin cewa a wani hutu da ya je Cortina d'Ampezzo, cikin tsaunukan arewacin Italiya, aka kawo masa wani abin zaƙi mai suna Mont Blanc: niƙaƙƙun 'ya'yan itacen kastaniya da aka matso sili-sili a kan tulin kirim. Da ya koma gida sai ya gwada da askirim. Farko ya yi launi uku, kore da fari da ja, don ya fitar da tutar Italiya. Mahaifinsa ya duba ya ce shi bai taɓa ganin taliya mai launi-launi ba. Daga nan ya koma askirim ɗin banila zalla, ya sa miyar sitiroberi a madadin ta tumatir, farin cakulan a madadin cuku. Abin matsin da ya dace masa shi ne wanda mutanen kudancin Jamus ke matse ƙullin taliyarsu mai ƙwai da shi, wadda suke kira Spätzle, kuma sai da ya sanyaya shi tukuna askirim ya fita bai narke ba.

Bai yi wa ƙirƙirar rajistar mallaka ba, shi ya sa kowane shago ya ɗauka ya yi abinsa. Ya kuma ce a farkon lamarin yara kan fashe da kuka in an ajiye musu, don askirim aka yi musu alkawari sai ga taliya. Na karanta wannan na yi dariya. Ban san ina karanta labarin kaina ba ne.

Gwaji uku

A gwajin farko na yi duk abin da bai kamata ba. Na sayi askirim mai araha, babban roba, na bar shi a waje kusan minti 15 don ya yi laushi. Mamatsin daga aljihun tebur na ɗauko shi, farantin daga kanta. Kirim ɗin da ake sawa a ƙasa kuwa na tsallake shi, a tunanina ado ne kawai. Sakamakon shi ne wanda Yaya ta nemi sanin sunansa.

Washegari na koma ɗaya gefen. Na ciro askirim daga firiza kai tsaye, na sassaƙa shi da wuƙa na cusa a mamatsi, na danna da hannu biyu, na haɗa da ƙirji. Abin da ya fito gutsattsari ne masu kama da tsakuwa, hannun mamatsin kuma ya ɗan lanƙwashe, har yau bai miƙe ba. Gaba kura, baya sayaki: in ya yi laushi ya zama kunu, in ya yi tauri ya ƙi fita.

Sai na ajiye ƙarfi na ɗauki ma'aunin zafi. Askirim ba dunƙulen ƙanƙara ba ne. Abu huɗu ne a cakuɗe: ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, kumfan iska, maiƙon madara, da wani ruwan sukari mai kauri da bai daskare ba, wanda shi ke riƙe sauran. Sukari yana hana ruwa daskarewa gaba ɗaya, don haka yawan ƙanƙarar da ke ciki yana hawa yana sauka da sanyi. A digiri 5 ko 6 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, wajen rabin ruwan ne kawai ya daskare, shi ne irin laushin askirim ɗin da ake tatsowa daga inji. A digiri 18 ƙasa da sifili, inda ake saita firizar gida, mafi yawan ruwan ya zama ƙanƙara, ruwan sukarin da ya rage kuma ya yi kauri kamar danƙo. Inda nake nema yana tsakani. Da na yi ta gwadawa, na ga silin ya fi fita dogo, santal, bai karye ba, idan tsakiyar askirim ɗin yana wajen digiri 11 zuwa 12 ƙasa da sifili.

Yadda ake kai shi can ma da magana. In ka bar shi a kan teburi, gefe ya narke tsakiya na nan da taurinta. A firij na riƙa sa shi, minti 15 zuwa 20, ya sassauta a hankali daga baki har ciki.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko an matso shi daidai, me ya sa yake mutuwa cikin minti huɗu, alhali dunƙulen askirim yakan yi minti 10 a kofi bai rasa siffarsa ba? Na zauna da biro na lissafa, lissafin kuma ya ba ni tsoro. Askirim mililita 100 in an dunƙule shi kamar ƙwallo, fatar da yake nuna wa iska ba ta wuce murabba'in santimita 104 ba. In aka matse shi ta ramuka masu faɗin milimita 3, sai ya zama sili mai tsawon kusan mita 14, fatarsa kuma ta haura murabba'in santimita 1,300. Kusan ninki 13 ke nan. Gaskiya ne silin suna kwanciya kan juna, wasu na kare wasu, amma duk da haka ƙofofin da zafi zai shiga sun yawaita ƙwarai. Kuma siffar da ake taƙama da ita a fatar take. Dunƙule in milimita ɗaya ya narke a jikinsa, dunƙule ne har yanzu. Sili mai milimita 3 in ya rasa ɗaya ta kowane gefe, me ya rage?

Farantin ya fi iska mugunta. Kowane giram na ƙanƙara yana shan jul 334 na zafi kafin ya narke (jul ma'aunin yawan zafi ne). Farantin tangaran mai nauyin giram 400 da ke zaune a ɗaki mai digiri 25 yana ɗauke da zafin da zai narkar da ƙanƙara wajen giram 24 kafin shi kansa ya sauka sifili. Ƙanƙarar da ke cikin kason mutum ɗaya na askirim mai iska ba ta fi hakan da yawa ba. Wato farantin da hannunka zai ce maka sanyi gare shi, a wajen askirim murhu ne. Tun daga ranar komai ya koma kwana a firiza: faranti, mamatsi, cokalin ɗiba, magogi, har tiren da zan jera a kai.

Na kuma canza askirim. Masu yi suna busa masa iska lokacin daskarwa, a wasu masu araha rabin abin da ke cikin robar iska ce. Ba sai an tambayi kowa ba, jikin robar zai faɗa: a duba lita nawa, a duba giram nawa. Wanda lita ɗaya take giram 500 da 'yan kai, iska ka saya rabi. Irin wannan in ya shiga mamatsi sai kumfan su fashe, ya fito a jiƙe, silin ya kwanta. Na koma wanda rabin lita ya haura giram 400, mai gwaiduwar ƙwai a ciki. Gwaiduwar ta yi mini aikin da ban nema ba, domin dafaffiyar taliya ba fara fat ba ce, tana da ɗan rawaya-rawaya, kuma farin askirim na farko tun daga ƙofa yake sanar da kansa.

Wani ƙaramin abu da ya ba ni haushi: gwaji na biyu ya fito da ƙanshin tafarnuwa. An taɓa matse dankali mai tafarnuwa da mamatsin, an wanke, amma maiƙo ba ya raina wari, duk ɗan abin da ya maƙale a ramukan sai da ya kwaso. Buroshi da ruwan zafi da lemon tsami suka raba mu.

Miya, cuku, nama

Miyar ta fi cin lokacina, kuma nan ne na fi jin daɗin aikin. Na niƙa sitiroberi giram 500 da sukari giram 60 da ruwan rabin lemon tsami, na zuba a faranti, na ajiye miyar tumatir ta gaske a gefe don in kwatanta. Ba su yi kama ba ko alama. Ta sitiroberi tana ɗaukar ido, tana sheƙi, janta ya karkata wajen hoda, ga 'yan ƙwayoyi birjik. Ta tumatir kuwa janta ya karkata wajen ruwan lemo, ba ta sheƙi sosai, kuma ba sumul take ba, akwai gudaji. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na tace ƙwayoyin da rariya. Na niƙa tsokar mangwaro kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, na haɗa, launin ya juya inda nake so. Na yanka wasu 'ya'yan sitiroberin ƙanana-ƙanana na zuba don su zama gudajin tumatir. Na gwada dafa ta don ta yi kauri, sai ta fara komawa ruwan ƙasa, saboda launin sitiroberi ba ya jure doguwar wuta, tsami ne ke riƙe masa ja. Daga ƙarshe kashi ɗaya cikin uku kawai na dafa har ya yi kauri, ya huce, na gauraya da ɗanyen.

Miya kuma ba ta hawa sai a daƙiƙar ƙarshe. Ko daga firij ta fito, ta fi askirim ɗumi da digiri 15 ko fiye, ga sukarin da ke cikinta yana cin ƙanƙara kamar yadda gishiri ke yi. Farin ruwan nan da ya ɓata gwajin farko, rabinsa aikinta ne.

Cuku ba wuya. Farin cakulan ne a magogi. Sai dai man koko da ke cikinsa yana narkewa a wajen digiri 34, jikin mutum kuwa 37, don haka in ka riƙe shi da yatsu kana gogawa, kafin ka ankara ya zama man shafawa. Na sa shi a firiza minti 10, na riƙe da takarda, na goge a kwano mai sanyi.

Kirim ɗin da na raina shi ya fi ba ni kunya. Ana buga kirim mai maiƙo aƙalla kashi 30 cikin 100 har ya tashi, a tula cokali biyu a tsakiyar faranti, a matso askirim a kansa. Ashe aiki uku yake yi. Yana shiga tsakanin askirim da faranti, kumfansa na tare zafi. Yana ɗaga tulin ya yi tsayi kamar an juye taliya da yawa, alhali askirim ɗin kaɗan ne. Na ukun ba a gani, sai a baki: inda askirim ya taɓa shi, fatarsa takan daskare ta yi ɗan ɓawo, cikinsa na nan da laushi. Masu son Spaghettieis da yawa wannan lomar suke haƙo.

Dunƙulen nama ƙarina ne, ba ya cikin na asali. Na marmashe kek ɗin cakulan, na haɗe shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa don ya kama jiki, na mulmula, na birgima a garin koko da ɗan marmashin biskit don fatar ta yi kaushi kamar soyayye. A firiza ya zama dutse, sai na mai da shi firij. Ya yi kyau har ni da na yi shi sai da na sake dubawa. Ku riƙe maganar gyaɗar nan.

Daren liyafar

A shagon Mannheim sai ka nema ake matso maka. Ni ba ni da wannan gatan: faranti 10, mamatsi ɗaya, kicin da tanda ta wuni tana aiki a ciki. Mamatsin kuma bayan kaso biyu ko uku yake ɗaukar ɗumin hannu, dole ya koma firiza minti 5. In na ce sai an gama cin abinci zan fara, na farko zai narke kafin na goma ya fito. Sai na raba aikin. Awa ɗaya kafin lokaci na shimfiɗa takardar gashi a tire biyu masu sanyi, na tula kirim wuri 10, na matso askirim a kan kowanne ina juya hannu a da'ira don silin ya faɗi a hargitse, domin taliyar gaske ba ta kwanciya a jere. Na rufe, na mayar firiza. Na san akwai asara a ciki, kirim zai daskare fiye da yadda ake so. Awa ɗaya ita ce iyakar da na ga zai jure bai zama dutse ba.

Da aka kwashe kwanukan abinci, ni da Yaya muka tsaya kamar masu aikin tiyata. Ita ta jera faranti, ni na ɗaga kowane tuli da faffaɗan cokali na ɗora. Miya, dunƙule bibbiyu, gogaggen cakulan, ganyen na'a-na'a ɗaya a bisa. Minti 3 muka yi. Ko da muka fito, sai ɗakin ya yi tsit, irin shirun mutanen da suka ƙoshi aka sake kawo musu abinci.

Kawu, wanda ya fi kowa shekaru a wurin, ya naɗe silin a cokali mai yatsu, ya ɗaga, ya hura masa iska sau biyu don ya huce. Ya kai baki. Ya tsaya cak, idonsa a kan bango, kamar mai sauraron wata ƙara daga nesa. Sannan ya ajiye cokalin a hankali ya ce, "Ke, wannan wace irin ƙeta ce?" Aka fashe da dariya, har da shi. Amma na lura rabi ya ci ya ture sauran.

'Yar autar Yaya, mai shekara 4, ba ta ga abin dariya ba. Ta dubi farantin, ta dube ni, leɓenta na rawa. "Anti, kin ce askirim." Na ce askirim ne, ta taɓa ta ji. Ta ƙi. Hawaye suka zubo. Sai da yayanta ya lakato ya shafa mata a bayan hannu ta ji sanyi, tukuna ta yarda, kuma ko a lokacin sai da aka kwashe mata miyar gefe.

Ana cikin wannan ne wata baƙuwa ta kama wuyan hannun ɗanta, yaro ɗan shekara 7, dunƙule na kan cokalinsa saura ƙiris ya shiga baki. Ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "'Yar'uwa, in ba nama ba ne, me ke cikin wannan?" Na lissafa mata. Da na ce gyaɗa, sai ta zare cokalin daga hannunsa, ta ɗauke farantin gaba ɗaya. Yaron jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa, irin wanda maƙogwaro ke kumbura. Allah ya tsare, bai kai ga ci ba, askirim ɗin ma bai fara ba don ya tsaya kallon Kawu.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Matar ta faɗa wa Yaya matsalar tun kafin su zo, Yaya ta kiyaye a girkinta, ni kuma ba wanda ya faɗa mini don ban tambaya ba, kuma na ɓoye abin da nake haɗawa don kada a ɓata mamakin. Wannan gefe ɗaya ne. Ɗaya gefen ya fi tayar mini da hankali. Uwa irin wannan shekara da shekaru idonta ne mai gadin ɗanta: ta ga kek ta tambaya, ta ga cakulan ta tambaya. Ta ga taliya da nama daga kicin ɗin da aka riga aka gargaɗa, sai ta saki jiki. Ƙwarewar da nake alfahari da ita, ita ce ta rufe wa mai gadin ido. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Disambar 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da aka san suna tayar da irin wannan ciwo, ko da abincin ba a cikin kwali yake ba. Farantina ɗaya yana ɗauke da 5 daga ciki: madara, ƙwai, alkama, gyaɗa, da waken suya da ke cikin cakulan. Kuma ba ɗayansu da ya fito da fuskarsa, in ban da alkamar da ido ya zata tana cikin taliya alhali tana cikin nama.

Rabin da Kawu ya bari

Ba daɗi ne ya rasa ba, sauran manya sun sauɗe nasu. Abin da ya same shi yana da bayani. A 2008 Martin Yeomans na Jami'ar Sussex a Ingila da abokan aikinsa, ciki har da shahararren mai girkin nan Heston Blumenthal, suka wallafa wani gwaji. Sun yi askirim da kyafaffen kifin salmon, launinsa ruwan hoda kamar na 'ya'yan itace. Waɗanda aka ce musu askirim ne sun ƙi shi ƙwarai, sun kuma ji gishirinsa ya fi yawa. Waɗanda aka faɗa musu tun farko cewa daskararren abincin gishiri ne sun karɓe shi da dama-dama. Abu ɗaya, cokali ɗaya, bambancin kawai abin da baki ya shirya wa.

Nawa ya bi ta hanya mai sauƙi, daga zaton gishiri zuwa zaƙi, kuma mutum ya fi saurin yafe wa zaƙin da bai zata ba. Duk da haka Kawu ya shirya wa zafi da maiƙon miya har ya hura, sai sanyi ya doki haƙoransa. Sauran manyan sun tsira ne saboda sun ga abin da ya same shi kafin su ɗanɗana. Wasu ma tun kafin nan sun ɗan yi shakka: ba tururi, ba ƙanshin miya, ga raɓa a gefen faranti. Na lura waɗannan masu shakkar su suka fi jin daɗin abin. Sun shiga wasan da saninsu. Shi kuwa Kawu a kansa aka yi wasan.

Daga nan ra'ayina ya sauya game da abin da nake ƙoƙarin yi tun farko. Na kwashe kwana 6 ina neman ƙaryar da ba za a gane ba. Amma a Jamus yau ba yaron da Spaghettieis ke ruɗa, kowa ya san mece ce, sunanta ma ya faɗa, kuma an haura shekara 50 ana sayenta. Da mamaki ne jarinta, da tuni ta karye, don ba a mamakin abu sau biyu. Abin da ya riƙe ta yana cikin lissafin nan da ya ba ni tsoro. Faɗin fatar da ke sa ta narke a faranti shi ke sa ta narke nan take a harshe, ƙanshin banila ya tashi gaba ɗaya, ba kamar dunƙule da sai an tsotsa ba. Miya tana shiga tsakanin sili, kowace loma da tsaminta. Ga ɓawon kirim a ƙasa. Kowane abu da aka sa don ya yaudari ido yana da aikin da yake yi wa baki.

Sauran irinta da suka yi suna haka suke. Choco Taco na Amurka, wanda ya fito daga Philadelphia a farkon shekarun 1980 aka daina yin sa a 2022, askirim ne a cikin lanƙwasasshen ɓawo, ya ari siffar abincin Meziko da ake kira taco, amma amfanin lanƙwasar shi ne kowane cizo ya haɗa ɓawo da askirim da cakulan, ba kamar mazubin nan mai tsini da kayan daɗin ke ƙarewa a sama ba. Cinyar kazar da wata mai haɗa kayan zaƙi, Cynthia Wong, ke yi a birnin Charleston na Amurka, askirim ne da aka lulluɓe da farin cakulan da marmashin kwanfilas, da biskit mai cakulan a matsayin ƙashi. Ɓawon da ke sa ta yi kama da soyayyiya shi ne kuma ke ba da ƙarar da haƙori ke so a kan abu mai laushi. Dunƙulen namana fa? Na tambayi kaina aikin da ya yi wa baki, ban samu ba. Nauyi ya ƙara wa farantin da ya riga ya cika zaƙi, yara biyu ma sun bar nasu. Don hoto na yi shi. Kuma shi ne ya kusa jawo mana tsautsayi.

Bayan wata biyu Yaya ta sake neman in yi, wannan karon mutum 6. Na tambayi kowa abin da jikinsa ba ya so tun kwana uku kafin ranar. Na cire dunƙulen. Na ƙara lemon tsami a miyar, na rage sukari zuwa giram 40. Da yake kason ba yawa, a take na matso kowanne, kirim ɗin ya fito da ɓawonsa yadda ya kamata. Kafin in ajiye na ce, "Abin zaƙi ne, mai sanyi, akwai madara da ƙwai." Kawu yana nan. Ya naɗe silin, ya ɗaga cokalin, ya dube ni ta saman tabarau, ya hura masa iska da gangan. 'Yar autar kuwa ta ƙi zama a teburi, tana kicin a kan kujera, hannunta biyu a kan lanƙwasasshen hannun mamatsin, tana jira in ce ta danna.